Shekarar da Injin Malam Sada Ya Yi Shiru

Jiya ɗaya daga cikinku ya ce min, "Baba Hamisu, wannan aikin ai saukewa ne kawai da danna maɓalli." Ban yi masa musu ba, don na gan shi da idona ya jona ƙaramin bod, ɗan allon lantarkin nan, ya kunna fitila kafin in gama shan shayina, ni kuwa da nake shekarunsa ko sunan abin ban taɓa ji ba. Amma tunda yau babu wuta, batirin sola kuma ba zai ɗauki kwamfutocinku ba, ku matso da benci in ba ku labarin inji guda ɗaya.

Ni asalina mai gyaran rediyo ne, a wata rumfa kusa da tashar Funtua. Daga rediyo na koma talbijin, daga nan na riƙa gyaran sikelin lantarki a wuraren gurzar auduga, har audugar ta ja baya, aikin ya bi ta. Na haura arba'in, da furfura a gemuna, ranar da Malam Sada ya shigo rumfata da wani koren bod a leda. Mutumin Malumfashi ne, ya daɗe yana koyarwa a Zariya kafin ya ajiye ya dawo gida. Wata 'yar ƙafar ƙarfe ce ta ɗago a jikin bod ɗin, siririya kamar gashin gira, idonsa kuma ya fara gaza ganin irinta. Na liƙe masa ita. Ya ɗauki gilashin ƙara girma ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam Hamisu, hannun nan naka ya fi ƙarfin rumfar nan. Za ka so ka san abin da ke cikin abin da ka liƙe?"

Na ce ina so. Ban san na shiga makarantar da babu ranar gamawa ba.

Aikin da yake yi a lokacin na wani dillalin iri ne, Alhaji Mamman, mai babban sito a hanyar Maska. Injin tantance iri yake ƙera masa. A zuba masara ko dawa ko waken suya daga sama, su gangaro ta wani kwararo mai santsi, kyamara tana kallon kowace ƙwaya. In ta ga tsakuwa, ko ƙwayar da ƙwaro ya huda, ko ruɓaɓɓiya, sai wani ɗan bututu ya hura iska, fit, ya cire ta daga layi ta faɗa kwandon shara. Lafiyayyun su wuce buhu. Abin da mata goma za su wuni suna tsincewa a faifai, shi ne injin ke gamawa tsakanin hantsi da azahar.

Zuciyar injin wani cip ne da bai kai faɗin kwalin ashana ba. Irin cip ɗin nan gida biyu ne. Ɓangare ɗaya fili ne fetal, ba a ja masa wayoyinsa na ciki daga kamfani ba, kai ne za ka zauna da kayan zane a kwamfuta ka ce nan ya haɗu da can, nan ya ƙirga, nan ya buɗe iska. Ɗaya ɓangaren kuma ƙaramar kwamfuta ce, a cikinta kanel yake zaune. Malam Sada ya ce in ɗauki kanel kamar shugaban tasha: ba ya tuƙi, amma babu motar da za ta yi lodi ko ta tashi bai sani ba. Sai dai shugaban nan baƙo ne kullum. Duk sanda aka kunna inji sai an miƙa masa taswira, an nuna masa ga inda kyamara take, ga ƙofar iska, ga agogon da kowa zai bi. Sannan kowace na'ura tana da ɗan rubutun da ke koya wa kanel yarenta, mu ma direba muke ce masa. Direban kyamara da na iska Malam Sada ne ya rubuta su da hannunsa, ya kuma yi wa kanel ɗin kansa 'yan gyare-gyare nan da can don ya yarda da su.

Kayan zanen kuwa masu cip ɗin ne ke fitar da su, kusan kowace shekara da sabuwar fitowa. Wannan maganar na ji ta tun makon farko, ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Shekara huɗu muka yi tare a bayan siton nan, a kan tebur ɗaya. Kayan aikinmu ba su da yawa: ƙarfen soda na liƙi, mitar auna wuta, tsohuwar laftof ɗinsa mai nauyin bulo, katin memori, da wata baƙar igiya da in ka jona ta a bod sai ya riƙa faɗa maka a allo duk abin da yake yi yayin da yake tashi. Wannan igiyar ita ce makarantata. Bai taɓa barina in kwafi abu in manna ba. Sai in buga da yatsuna, in kunna, in karanta layukan da ke zubowa ɗaya bayan ɗaya da gurgun Turancina, yana tsayar da ni yana tambaya, "Me ya ce nan? Ba fassara na ce ba, me yake nufi?" Ran kasuwa mu hau babur mu tafi ƙauyukan wajen Gozaki mu roƙi tafi guda na kowane iri, kaura, farafara, jar masara, mu zuba a kwalaben maganin tari da muka wanke, mu dawo mu koya wa kyamara bambancinsu. Harhaɗa kanel, wato mayar da rubutunsa abin da bod zai gane, a wannan laftof kan ci daga safe har la'asar. In an ɗauke wuta a tsakiya, batiri ya mutu, sai mu sake daga farko washegari. Ba ya fushi. Sai ya ce a kawo rake.

Cikin masu kawo mana iri akwai Baba Nomau, wani dattijo Bamaguje daga can cikin Gozaki, manomin da ake ji da shi. Ba ya sayen irin kowa, nasa yake kawowa a tantance masa, irin kaurar da ya gada daga ubansa. Zuwansa na farko bai yarda da injin ba ko kaɗan. Ya tsuguna gaban kwandon shara ya zazzage shi a tabarma, ya bi ƙwaya-ƙwaya yana neman lafiyayya guda da aka zalunta. Bai samu ba. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce wa Malam Sada, "Malam, abin naka yana da ido." Tun daga ranar duk shekara sai ya zo.

Idon injin ya zauna, na Malam Sada ne ya tafi. A hankali abin ya zo, daga ƙara girman rubutu a allo, zuwa "karanta min nan," zuwa ranar da ya nemi ƙofar sito da hannu. An je asibiti a Malumfashi, an je Kano, aka ce jijiyar ce ta mutu. Ya koma gida ya zauna. Ya bar min laftof ɗin da igiyar da kwalaben iri. Shekara biyu ina kula da injin, in share kyamara, in canja bututu, amma cikinsa ban taɓa ba, don babu abin da ya kai ni.

Sai shekarar da nake son ba ku labari. Ruwan farko ya zo da tsawa mai ƙarfi, ta bi waya ta shiga sito. Da safe na buɗe akwatin injin, ƙauri ya tarye ni. Bod ya ƙone. Ga buhunan iri jibge har rufi, manoma sun gama sharar gona, kowa na jiran ruwan shuka.

Alhaji Mamman ya ce, "Malam Hamisu, kwana nawa?"

Na ce, "Da zarar sabon bod ya iso, kwana biyu, Alhaji." Har ga Allah haka na ɗauka. Zanen yana hannuna, rubutun tushe na kanel yana hannuna, direbobin suna hannuna. Me ya rage?

Irin tsohon bod ɗin an daina yinsa. Wanda aka samo mana daga Legas ƙanensa ne, cip ɗin da ke kai sabo. Na buɗe kayan zanen da ke laftof ɗin Malam, suka ce ba su san wannan cip ɗin ba, an haife shi bayansu. Dole sai sababbi. Sababbin kuwa laftof ɗin ba za ta iya ɗaukarsu ba, sai da Alhaji ya samo wata. Saukar da su kaɗai ya ci min kwana biyar, in ya kusa ƙarewa sai sabis ya yanke. Da suka sauka na zuba musu tsohon zane, suka karɓa da 'yan ƙorafe-ƙorafe, suka fitar min da sabuwar taswira da sabon rubutun tada bod. Na ɗora tsohon kanel ɗinmu a kai, na saka kati, na kunna.

Layuka suka fara zubowa a allo kamar yadda na saba gani. Suka zo layin da ke cewa ga kanel nan zai tashi. Daga nan shiru. Babu kuskure, babu ƙorafi, babu ko harafi ɗaya.

Ku da kuka saba da jan rubutu yana nuna muku inda kuka yi kuskure, ba ku san wannan shirun ba. Na canja kati. Na canja igiya. Na auna wuta a kowace ƙafa. Da na gaji na ce tsufa ne ya kama kanel ɗin, na shiga yanar gizo na sauko da mafi sabo, wanda masu shi suka taɓa a cikin makon. Shi kuma ya ƙi haɗuwa da direbobin Malam, ya cika min allo da kurakurai. Na cire direbobin, ya haɗu, ya tashi rabi, ya nemi abubuwan da babu su a taswira, ya faɗi.

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Alhaji ya tara mata suka zauna da faifai a ƙofar sito, suka tsince abin da suka iya, sauran ya sayar a matsayin hatsin ci. Manoma da yawa sun shuka abin da ba a tantance ba, tsiro ya fito da giɓi-giɓi, wasu sai da suka sake shuka. Baba Nomau ya zo da kaurarsa a bayan babur, ya leƙa ya ga cikin injin a buɗe. Ya ce, "Sannu, Malam. Allah shi ba shi lafiya," kamar mai gaida majinyaci. Ya juya da buhunsa.

Za ku ce me ya hana ni zuwa Malumfashi tun farko, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Na gaya wa kaina cewa ba daidai ba ne in kai wa makaho aikin ido, in tuna masa abin da ya rasa. Wannan rabin gaskiyar ne. Sauran rabin, ba na son ya ji cewa shekara huɗun da ya yi a kaina ba su isa ba.

Sai da damina ta yi nisa na sa kwamfuta da bod a jaka na hau mota. Na same shi a zaure bayan azahar, zaune a kan buzu, rediyo a gefensa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi Alhaji. Sannan ya ce, "Injin fa?"

Na faɗa masa.

"Tun yaushe?"

"Tun ruwan farko, Malam."

Ya ce, "Yanzu dawa ta kai gwiwa ko?"

"Ta wuce."

"Me ya hana ka zuwa?"

Na ce kunya.

Ya ce, "Kunyarka ta ci wa mutane shuka guda, Malam Hamisu." Bai ƙara a kan wannan ba, ranar ko bayanta. Ya kashe rediyo ya gyara zama. "Buɗe kwamfutar. Kayan zanen fitowar yaushe ne?"

"Ta bara."

"Kanel fa?"

Na ce na gwada namu na dauri, na kuma gwada mafi sabo.

Ya yi dariya har da tari. "Ka kai musu kakansu, bai gane su ba. Ka kai musu jariri, bai san su ba. Tsaransu ka bari. Kowace fitowa ta kayan zane tana da kanel ɗin da aka goya su tare, aka gwada su tare. Koma inda ka sauko da jaririn, ka duba rassan rubutun. Za ka ga reshe mai suna iri ɗaya da fitowar kayanka. Karanto min sunayen."

Na karanto. Yana nan, na huɗu daga sama. Wata biyu ina wucewa ta kansa.

Kada ku ɗauka daga nan aiki ya ƙare. Samun reshen shi ne mai sauƙin. Kanel ɗin da ya dace da kayan zane bai san gyare-gyaren Malam ba, direbobinsa kuma da yaren tsohon kanel suke magana. Dole a ɗauko kowane gyara ɗaya-ɗaya, a tambaya: wannan har yanzu ana bukatarsa, ko masu kanel sun riga sun gyara da kansu? In ana bukata, ina wurinsa yanzu? A saka guda, a harhaɗa, a kunna, a karanta, sannan a taɓa na gaba. In ka zuba su gaba ɗaya abin ya faɗi, ba za ka san wanda ya kayar da shi ba.

Sati shida ina zuwa Malumfashi duk Asabar da Lahadi. Ni ne ido, shi ne ƙwaƙwalwa. Rubutun da ya yi shekaru da suka wuce yana kansa kamar hadda. Sai ya ce, "Gangara ƙasa kaɗan, bayan wurin da muke karɓar hoto, akwai kira guda, karanto." Wani lokacin ya yi kuskure, mu yi ta musu, in sake karantawa harafi-harafi har ya ce, "To, na yarda." Wata rana na ce, "Malam, wannan kiran babu shi yanzu, sun cire shi."

"Sun cire? Me suka sa a gurbinsa?"

Na karanto masa sabon, da bayanin da suka rubuta a kansa. Ya sa na maimaita. Ya daɗe yana kaɗa kai, sannan ya ce, "Nasu ya fi nawa kyau. Kai, mutanen nan ba su zauna ba. Ci gaba, me kuma suka canja?" Ranar ba mu yi aikinmu ba. Har la'asar ina karanta masa abubuwan da babu ruwansu da injinmu, yana tambaya, yana gardama da mutanen da bai taɓa gani ba. Aka aiko mana da dambu daga cikin gida, ya huce bai taɓa ba.

Kanel ya tashi a zauren nan, wata Lahadi. Layukan suka wuce wurin da suke tsayawa, suka ci gaba da zubowa, ina karantawa ina sarƙewa don sauri, har na zo inda direban kyamara ya ce ya ga kyamararsa. Malam ya ce, "Alhamdu lillahi. Tafi ka mayar wa injin zuciyarsa."

Da kaka ta yi, Baba Nomau ne ya fara kawo kaya, waken suya buhu uku. Na kunna inji ina ji da kaina. Wake ya gangaro, iska na hurawa. Dattijon ya tsuguna gaban kwandon shara kamar yadda ya saba, ya ɗebo, ya duba, ya je ya tura hannu a buhu ya ɗebo. Ya buɗe min tafukansa biyu.

"Malam, dubi nan. Ga wakena lafiyayye a shara, ga tsakuwa a buhu. Injin nan ya tashi, amma bai dawo hayyacinsa ba."

Na duba kyamara, tana gani daidai. Na duba bututu, ba su toshe ba. Kwana ɗaya na ba kaina. Washegari na roƙi Alhaji mota, muka je muka ɗauko Malam Sada.

Shekara biyu da rabi rabonsa da siton. Na riƙe hannunsa muka shiga, ya saki hannuna ya dafa jikin injin. Ya ce a kunna, kowa ya yi shiru. Muka tsaya, ni da Alhaji da Baba Nomau, wake na zuba. Bai yi minti ɗaya ba ya ɗaga hannu.

"Numfashinsa ya yi tsawo. Da fit yake cewa, yanzu fiiit yake cewa. Yana gani daidai, amma yana makara, sai ya bar mai laifi ya bugi na bayansa. Malam Hamisu, agogon da ke ba ɓangaren iska, nawa sababbin kayan suka sa shi?"

Na duba taswira. Rabin gudun na da.

Ya dafe goshi. "Wannan laifina ne. Na ƙirga bugun agogon na rubuta adadin da hannu a cikin direba, na ɗauka ba zai taɓa canjawa ba. Kada ka mayar da agogon. Goge nawa, ka sa direban ya tambayi kanel gudun agogo duk sanda ya tashi. In ba haka ba fitowa ta gaba za ta sake kama ka."

Layi uku ne. Na gyara, na harhaɗa direban, muka yi azahar, muka kunna. Fit, fit, fit. Baba Nomau ya zazzage kwandon a tabarma ya bi shi ƙwaya-ƙwaya, ya daɗe. Sannan ya kamo hannun Malam Sada ya tura shi cikin buhun wake har wuyan hannu, ya ce, "Ji da kanka, Malam." Malam ya yi ta juya yatsunsa a ciki.

A hanyar komawa, mun wuce Bakori, ya tambaye ni abin da ke gefen titi. Na ce ana yankan dawa, an jera dammuna. Ya ce kaura ko farafara? Na ce daga mota ba zan gane ba. Can kuma ya ce, "A cikin rubutun nan, nawa ya rage wanda ni na rubuta?"

Na so in ƙara masa, amma ya san muryata. Na ce, "Bai kai rabi ba, Malam."

Ya ce, "Haka ya kamata."

Da muka iso na raka shi har zaure, na zaunar da shi a buzunsa. Na yi sallama zan fita, ya ce, "Malam Hamisu. In sabuwar fitowa ta zo, ko injin bai lalace ba, ka zo da ita ka karanta min. Ina son in ji abin da suka yi."

Na ce in sha Allahu.

Allah ya karɓi abinsa a cikin bazarar da ta biyo, kafin ruwa ya sauka. Sabuwar fitowar ta zo bayansa da wata biyu. Na sauke ta, na nemo reshenta, na ɗauki gyare-gyaren ɗaya-ɗaya na mayar da su, a kan teburinmu na bayan sito. Ya ɗauke ni kwana tara. Sun canja abubuwa da yawa a wannan fitowar, wasu masu kyau ƙwarai.